Unguwannin dattawa a Amurka da kuɗin da suke ci

Wani bidiyo aka turo a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Tsofaffin Turawa ne a wata unguwa a jihar Florida, maza da mata, kowa da furfurarsa, suna yawo a 'yan ƙananan motocin nan na filin wasan golf. Wasu na ninƙaya, wasu na rawa a dandali da yamma, babu yaro ko ɗaya a wurin. Nan take zauren ya rabu biyu. Wasu suka ce, "Allah Ya kiyaye, ka ga yadda suke zubar da iyayensu." Wasu kuma suka ce ai wannan shi ne ci gaba, da ma a kawo mana irinsa, mutum ya yi ritaya ya huta da hayaniyar dangi.

Aka kwana ana musu, babu wanda ya tambayi nawa ake biya. Abin da ya dame ni ke nan, domin a cikin kuɗin maganar take.

Ga matsayina tun da wuri. Waɗannan unguwanni ba gidan gajiyayyu ba ne. Yawancin mazaunansu da ƙafarsu suka je, da kuɗin guminsu suka biya, kuma ban ga abin zagi a cikin haka ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda aka ƙulla cinikin. Ana cinye dukiyar dattijo a shekarun da yake da sauran ƙarfi, lokacin da bai cika buƙatar kowa ba, sai ranar da jiki ya gaza a ce masa wannan kuma wani lissafi ne daban. Tsari ne da ya yi wa 'yan tsirarun masu hali daidai, ya bar mafi yawan tsofaffi a bakin ƙofa.

Abin da ake sayarwa

Ranar 1 ga Janairun 1960 wani ɗan kasuwar gine-gine mai suna Del Webb ya buɗe Sun City a jihar Arizona, gari sukutum na waɗanda suka ajiye aiki. A ƙarshen makon farko kawai mutum kimanin 100,000 suka je kallo. Daga nan abin ya bazu. The Villages ta Florida, wadda ta fi kowace suna a yau, ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan 80,000 a tsakiyarta kaɗai. Wata dokar tarayya ta 1995 ta yarda a keɓe unguwa ga dattawa, a hana iyalai masu ƙananan yara zama, muddin kashi 80 cikin 100 na gidajen akwai mai shekara 55 ko fiye a ciki.

Akwai wanda zai sayi gida a irin wannan unguwa ya riƙa biyan kuɗin kula da ita duk wata. Akwai wanda zai kama haya a wani rukunin ɗakuna inda ake dafa masa abinci, a share masa ɗaki, a gyara famfo idan ya lalace, a kai shi kasuwa ko wurin likita a motar gidan. Wannan shi ake kira zaman cin gashin kai, kuma shi ne zancenmu. Sai kuma manyan wurare da suka haɗa komai a harabar guda: ɓangaren masu ƙarfi, ɓangaren waɗanda sai an taimaka musu, da ɓangaren jinya. Irin waɗannan sun kai kusan 1,900 a Amurka.

Sharaɗin shiga ɓangaren masu ƙarfi shi ne ka iya da kanka. Ka yi wanka, ka sa tufafi, ka shiga banɗaki, ka tuna lokacin shan maganinka. Abinci, shara, mota da abokan hira ake sayar maka. Babu jinya a ciki.

Lissafin

Matsakaicin kuɗin haya a irin wannan zama yana wajen dala 3,000 a wata. A manyan birane ya fi haka nesa. Idan mata da miji ne akwai ƙarin kuɗin mutum na biyu, akwai kuma wani kuɗi da ake biya sau ɗaya ranar shiga.

To, nawa dattijon Amurka yake samu? Matsakaicin fanshon gwamnati na Social Security a 2024 bai wuce dala 1,900 da 'yan kai a wata ba. Wato fanshon gaba ɗaya bai biya hayar ba, balle magani, inshora, waya da sutura. Cikon sai daga ajiya, ko daga kuɗin gidan da aka sayar. Kuma galibi gidan ake sayarwa, gidan da aka yi shekara 30 ana biyan bashinsa.

Hayar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kowace shekara takardar ƙari na zuwa. A ɗauka ƙarin kashi 5 cikin 100 ne: wanda ya shiga a kan dala 3,000, bayan shekara 10 zai tarar yana biyan kusan 4,900. Ƙarin da gwamnati ta yi wa fanshon kuwa kashi 3.2 ne a 2024, kashi 2.5 a 2025. Tsoho ba ya da ƙarin albashi, ba ya da wani aikin dare da zai kama. Ramin kullum ƙara faɗi yake yi.

Duk wannan kafin ciwo ya zo ne.

Ranar da tsohuwa ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, ko ɓarin jiki ya shanye, ko ciwon mantuwa ya fara sa ta bar girki a wuta, to ta fita daga sharaɗin da ta shiga da shi. Ko ta ɗauki mai kula da ita ta riƙa biya da awa, ko ta koma ɓangaren da ake taimaka wa mutum. Ƙididdigar da kamfanin inshora na Genworth ke fitarwa ta nuna matsakaicin kuɗin wannan ɓangare a 2023 dala 5,350 ne a wata, ɗaki na mutum ɗaya a gidan jinya kuma dala 9,733. A 2024 ɗakin jinyar ya haura dala 10,000 a wata.

Mutane da yawa, har da Amurkawan kansu, suna zaton inshorar lafiya ta tsofaffi, wato Medicare da aka kafa a 1965, za ta ɗauki wannan nauyi. Ba ta ɗauka. Tana biyan asibiti da likita da ɗan gajeren zaman farfaɗowa bayan an sallami mutum. Ba ta biyan haya, ba ta biyan mai yi maka wanka shekara da shekaru. Wadda ke biyan doguwar jinya ita ce Medicaid, ta marasa ƙarfi, kuma ba za ka cancanta ba sai ka kashe kusan duk abin da ka mallaka. A yawancin jihohi har binciken shekara 5 na baya ake yi, a ga ko ka kyautar wa 'ya'yanka da dukiya don ka tsere.

Ka duba jerin abin da kyau. Mutum ya sayar da gidansa yana ɗan shekara 75, ya yi shekara 8 ko 10 yana biyan kuɗin abinci da shara da hira, abubuwan da a lokacin zai iya samu da rahusa. Sai jinya ta zo lokacin da ajiyar ta yi ƙasa. Kuɗin da ya kamata su tsaya masa a ranar gajiya an riga an cinye su a ranar ƙarfi. Wannan shi ne babban ƙorafina, sauran duk rassa ne.

Kuɗin shiga, da wanda ke riƙe da shi

Masu manyan wuraren nan da suka haɗa komai za su ce ai su sun magance wannan. Ka biya kuɗin shiga mai kauri sau ɗaya, su kuma su yi maka alkawarin wuri har ƙarshen rai. Kuɗin shigar yakan fara daga wajen dala 100,000 ya haura miliyan ɗaya, matsakaicinsa kuma yana wajen 400,000. Kuɗin wata kuma yana nan, ba a yafe ba.

Yarjejeniyar ma iri-iri ce. Akwai wadda kuɗin watanka ba zai canja sosai ba ko ka koma ɓangaren jinya, ita ce mafi tsada. Akwai wadda za a ba ka 'yan kwanaki ko ɗan rangwame, akwai kuma wadda wuri kawai aka tanadar maka, kuɗin jinya kuwa farashin kasuwa za ka biya. Ta farkon ta yi kusa da abin da ake buƙata, na yarda. Amma kafin a karɓe ka sai an duba lafiyarka an duba asusunka. Mai ciwo a jiki da mai ƙaramin ƙarfi ba su cikin lissafi tun daga bakin ƙofa.

Wasu wuraren suna alkawarin mayar da kashi 50, ko 75, ko ma 90 na kuɗin shigar idan mutum ya tashi ko ya rasu. Dattawa da yawa wannan ne ke kwantar musu da hankali, suna ganin sun bar wa magada wani abu. Sai dai a yawancin yarjejeniyoyin ba a mayar da kuɗin sai wani sabo ya karɓi ɗakin ya biya nasa. Kamar adashi ne da ba za ka kwasa ba sai wani ya shigo ya zuba. Muddin sababbi na shigowa, lafiya lau. Ranar da suka daina, asiri ya tonu.

Kuma ya sha tonuwa. Kamfanin Erickson, ɗaya daga cikin manya a harkar, ya je kotu ya bayyana karyewa, wato ya kasa biyan basussukansa, a 2009 lokacin da kasuwar gidaje ta faɗi, tsofaffi suka kasa sayar da gidajensu balle su biya kuɗin shiga. Shi an samu mai saye, mazauna suka tsira. Wani wuri mai suna Harborside a Port Washington, jihar New York, sau uku yana zuwa kotun karyewa: 2014, 2021 da 2023. Mazaunansa mutane ne masu shekara 80 da 90 da suka zuba kuɗin gidajensu, suka wayi gari suna bin bashin da ba su da tabbacin samu. A kotun karyewa, masu bashin da ke riƙe da jinginar ginin su ake fara biya. Tsohuwar da ta ba da duk abin da ta tara tana can bayan layi. Dokokin sa ido kuwa na jihohi ne, wata jihar ta tsaurara, wata ta yi sako-sako.

Ban ga hujjar da za a kare wannan da ita ba. Wanda ya karɓi dukiyar dattijo da alkawarin riƙe shi har mutuwa aikin inshora yake yi, ya kamata a matsa masa da irin dokar da ake matsa wa kamfanin inshora: ya ware kuɗin, ya nuna ajiya, a bincika littattafansa duk shekara.

Ingila ma tana da nata salon. A can ana sayen ɗakin ne, amma ranar da aka sayar, ko mai shi ya rasu, kamfanin na yankar wani kaso da ake kira kuɗin fita, a wasu wuraren har kashi 30 cikin 100 na farashin. Hukumar duba dokoki ta ƙasar ta fitar da rahoto a 2017 tana cewa ana ɓoye wa masu saye waɗannan kuɗaɗe har sai sun yi nisa a ciniki. Kafin a samu mai saye kuma, magada ne ke ci gaba da biyan kuɗin hidimar ɗakin da ba kowa a ciki.

"Kuɗinsu ne, zaɓinsu ne"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini, kuma ba zan raina ta ba.

Kaɗaici na kisa. Wani binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 27 cikin 100 na Amurkawa masu shekara 60 zuwa sama su kaɗai suke zaune, alhali matsakaicin ƙasashe 130 da aka duba kashi 16 ne. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa illar rashin cuɗanya da mutane ta kai ta shan sigari har kara 15 a rana. Ka ɗauki tsohuwar da mijinta ya rasu, tana zaune a gida mai bene a bayan gari inda ba a zuwa ko'ina sai da mota, ido kuma ya hana ta tuƙi. Ɗanta yana wata jiha, tafiyar awa biyar a jirgi. Idan ta koma inda za ta ci abinci da mutane, inda za a ƙwanƙwasa mata ƙofa idan ba a gan ta da safe ba, wa zai ce ta yi laifi? Ni dai ba zan ce ba.

Haka kuma zaman gida ba kyauta ba ne. Akwai harajin gida, inshora, gyaran rufi, kwashe ƙanƙara, kuɗin ɗumama ɗaki. Mai hali da ya yi lissafi ya ga tazarar ba ta da yawa, ya kuma tanadi na jinya a gefe, ya yi dabara.

Amma mutum nawa ne haka? Wani nazari da mujallar Health Affairs ta buga a 2019 ya yi hasashen cewa zuwa 2029, kashi 54 cikin 100 na tsofaffi masu matsakaicin ƙarfi ba za su iya biyan kuɗin zaman da ake taimaka wa mutum haɗe da na magani ba, ko da sun sayar da gidajensu. Waɗannan su ne malaman makaranta, direbobin bas, ma'aikatan ofis. Sun fi ƙarfin tallafin gwamnati, sun kasa kuɗin kasuwa. Idan aka ce musu zaɓinsu ne, wane zaɓi ake nufi? Binciken ƙungiyar dattawa ta AARP a 2021 ma ya nuna kashi 77 cikin 100 na masu shekara 50 zuwa sama sun fi son su tsufa a gidajensu. Da yawan masu tashi ba son tashin suke yi ba, unguwar da suke ciki ce ba ta da abin da tsoho ke buƙata.

"Turawa sun zubar da iyayensu"

Wannan magana tana da daɗin faɗa a majalisa, amma ba gaskiya ba ce. Ƙididdigar AARP ta 2020 ta samu Amurkawa miliyan 53 da ke kula da wani nasu mara lafiya ko mai rauni ba tare da an biya su ba, mafi yawansu kuma tsofaffi suke kula da su. Waɗanda ke gidajen jinya ba su kai kashi 5 cikin 100 na tsofaffin ƙasar ba. Can ma 'ya mace ce ke barin aiki ta koma jinyar mahaifiyarta.

Laifi tudu ne. Mu da aka umarce mu a Suratul Isra'i da kada mu ce ko "uf" ga iyayen da suka tsufa a hannunmu, mu duba ƙofar masallatan Juma'a mu ga su wa ke zaune da ƙoƙon bara. Mu duba layin tantance 'yan fansho, inda dattawa ke yini a rana, wasu har su faɗi. Mu duba gidajen da 'ya'ya duk sun watse, ɗaya a Abuja, ɗaya a Legas, ɗaya a Saudiyya, an bar Hajiya da 'yar aiki 'yar shekara 12, ana turo kuɗi ta waya ana ganin an sauke nauyi. Tsarin fansho na karo-karo da aka fara a Najeriya a 2004 mutum kimanin miliyan 10 ne kawai suka yi rajista a cikinsa, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Manomi da ɗan tireda da mai sana'ar hannu fanshonsu 'ya'yansu ne, 'ya'yan kuma ga halin da suke ciki.

Har yanzu muna da abin da su suke saye da dala: zaure, tsakar gida, maƙwabcin da zai leƙo, jikan da za a aika. Amma yana zaizayewa a birane, kuma zagin wasu ba zai tsayar da zaizayar ba. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, aka ƙaddamar da ita a 2021. Tsoho nawa ne a ƙauye ya san da zamanta?

Masu cewa a kawo mana irin tsarin kuma su yi lissafi. Dala 3,000 a canjin Naira 1,500 ta kama Naira miliyan 4 da rabi a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000. Ko an rage farashin ninki goma, 'yan ƙalilan ne za su iya. Idan kuma a Amurka, da kotunanta da hukumominta, kuɗin shiga na iya nutsewa, ina ga inda mutane ke biyan kuɗin fili shekara da shekaru ba su ga fili ba?

Garin da babu yara

Akwai wata tsadar da ba a rubuta ta a takarda. A The Villages ɗan ƙasa da shekara 19 ba ya wuce kwana 30 a shekara idan ya zo ziyara. A Youngtown ta Arizona, wadda ta riga Sun City kafuwa, rigima ce a kan wani jika ɗan shekara 16 da ke zaune da kakanninsa ta kai ga soke dokar shekaru ta garin a 1998. Mazauna Sun City kuwa sun yi ta kayar da ƙuri'ar samar wa makarantun yankin kuɗi, har aka cire su daga gundumar makarantun a shekarun 1970.

Wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Idan 'yarka ta rabu da mijinta, ko ta rasu ta bar maraya, ba za ka iya ɗauko yaron ka riƙe ba sai ka tashi. Tsohon da ba ya jin kukan jariri, ba ya ganin 'yan makaranta na wucewa da safe, a hankali zai daina ganin makarantar a matsayin abin da ya shafe shi. Yaran ma sun yi asara, sun tashi ba su san zama da tsoho ba, ba su ga yadda ake tsufa ba, ga shi kuma su ne za su yanke hukunci a kan kuɗin tsofaffi gobe.

Masu aikin, da namu da ke can

Wata ƙanwata tana aikin kula da tsofaffi a can Amurka. Ta taɓa ce mini, "Yaya, wallahi mutanen kirki ne, wata har kuka take yi idan zan tashi. Amma albashina na wata bai kai kuɗin ɗakinta ba." Gaskiya ta faɗa. Matsakaicin abin da ake biyan masu irin aikinta a 2023 wajen dala 16 ne a awa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na masu aikin baƙi ne da suka zo daga wasu ƙasashe, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma da yawa. Tsarin a kan arhar guminsu yake tsaye, kuma babu ɗayansu da za ta iya kwana a ɗakin da take sharewa idan nata tsufan ya zo.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Hausawan Gana da Nijar da Najeriya da suka sauka a unguwar Bronx ta New York da wasu biranen a shekarun 1980 da 1990 yanzu furfura ta kama su. Da yawansu tasi suka ja, ko gadi, ko aikin shago. Fanshon Social Security sai wanda ya yi aƙalla shekara 10 yana biyan haraji a kan aikinsa, kuma gwargwadon abin da ka zuba gwargwadon abin da za ka samu. Ba su da gidan sayarwa a can, abin da suka tara ya tafi ginin gida a Kumasi ko Maraɗi ko Kano, da kuɗin makarantar 'ya'yan 'yan'uwa. Kowa na cewa gida zai koma. Amma Medicare ba ta biyan magani a wajen Amurka, tallafin SSI na marasa ƙarfi kuma yana tsayawa idan mutum ya yi kwana 30 a waje. Mai ciwon suga da hawan jini, ko wanda ake yi wa wankin ƙoda, sai ya tsinci kansa ba ya iya komawa, ba ya kuma iya biyan zama.

Akwai hanyoyin da suka fi arha, kuma an gwada su. A rukunin gidaje na Penn South a Manhattan ta birnin New York, tun 1986 aka lura mazauna sun tsufa a inda suke, sai aka kawo musu ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a cikin ginin, ba wanda ya tashi. A unguwar Beacon Hill ta Boston, dattawa da kansu suka kafa ƙungiya a 2002, kowa na biyan 'yan ɗaruruwan daloli a shekara, ana samar musu mai kai su asibiti, mai gyara, da taron hira, kowa yana gidansa. An kwaikwayi wannan a ɗaruruwan unguwanni. Singafo ta bi ta wata hanyar: tana ba iyalin da suka sayi gida don zama tare da iyayensu tallafin dalar ƙasar 30,000, waɗanda suka saya a cikin kilomita 4 da iyayen kuma 20,000. A gininta na Kampung Admiralty, ɗakunan tsofaffi kimanin 100 suna sama, asibiti da wurin cin abinci da makarantar renon yara duk suna cikin ginin. Jamus tun 1995, Japan tun 2000, sun mayar da inshorar doguwar jinya tilas, don kada nauyin ya faɗa kan gidan mutum ɗaya.

Abin da na gani a cikin waɗannan shi ne an kai hidimar inda tsoho yake, an bar masa gidansa da maƙwabtansa da dukiyarsa. Al'ummar da ke da masallaci, da ƙungiyar 'yan gari, da al'adar zuwa dubiya ta riga ta mallaki rabin kayan aikin. Abin da ya rage shi ne tsari: a san su wa suka tsufa, wa ke zaune shi kaɗai, wa zai kai wane asibiti ranar Talata.

Gwamnatin Amurka tana da gidajen tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi a ƙarƙashin shirin da ake kira Sashe na 202, wanda aka fara a 1959. Mai shekara 62 zuwa sama yana biyan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu a matsayin haya, gwamnati ta cika sauran. Gidajen sun yi kaɗan ƙwarai, a birni kamar New York ana shekaru a layi. Saboda haka dattijon da ya kai shekarun ya rubuta sunansa tun yana da ƙarfi, ko da niyyarsa komawa gida ce. Shugabannin masallatai da ƙungiyoyinmu na can kuma su sa matasan da suka iya cike takardu su zauna da iyayen nan su cike musu, su kuma karanta musu duk wata yarjejeniya layi-layi kafin a sa hannu, musamman wurin da ya faɗi abin da zai faru idan jiki ya gaza ko kuɗi ya ƙare.